Ɗan Fari a Gareji

Kwana uku yayata Socorro ta yi tana wanke gida saboda zuwan matar gwamnati. Ta goge tagogi, ta wanke labule, har hoton Budurwa Maryamu da ke falo sai da aka sauko da shi aka share. Ni ma ta kira ni in naɗe mata tamale, irin alalar masara da muke naɗewa a ganye, cike da tukunya, wai kada baƙuwa ta ce gidan Barajas ba su iya karɓar mutane ba. Na ce mata matar nan ba ci ya kawo ta ba, ta ce in rufe baki in ci gaba da naɗi.

Abin da ya kawo ta shi ne Itzel, 'yar Efraín, ƙaramin ɗan Socorro. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba ofishin kula da yara ya ɗauke ta daga hannun uwarta, wadda ƙwaya ta riga ta gama da ita. Efraín da uwar sun jima da rabuwa. Aka kai yarinya gidan masu riƙo, alƙali kuma ya ba Efraín wata shida ya nuna yana da gidan da za a iya ajiye yaro a ciki. In ya kasa, masu riƙon za su karɓe ta dungurungum, har suna su canza mata. Gidan da Efraín yake da shi a duk faɗin Kalifoniya kuwa shi ne gidan uwarsa.

Malama Pruitt ta iso da ƙarfe goma daidai, doguwa, da takardu rungume a ƙirji. Ta buɗe firij, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta danna na'urar nan mai ihu in ta ji hayaƙi. Ta shiga ɗakin da Efraín ya yi wa fenti ruwan ɗorawa da hannunsa, ta girgiza ɗan gadon ta ga bai motsa ba. Tamale kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

"Manya nawa ke kwana a gidan nan?" ta tambaya.

"Biyu," in ji Socorro. "Ni da ɗana."

A ganin yayata ba ƙarya ta yi ba, tunda Rigo ba a cikin gida yake kwana ba, a gareji yake. Sai dai ba ta gama rufe baki ba ƙofar kicin ta buɗe, ga ɗan farinta ya shigo da singileti, tumbi a gaba, yana sosa ƙeya.

"Mama, wa ya shanye min madara?"

Rigo shekararsa arba'in da ɗaya. Ya shigo garejin nan ne wai na mako biyu, bayan ya fito daga gidan yari saboda ya karya wa matarsa muƙamuƙi a gaban 'ya'yansu. Mako biyun ya shiga shekara ta shida. Malama Pruitt ta dube shi sama da ƙasa, ta ce duk babban da ke kwana a harabar gidan sai an ɗauki zanen yatsunsa an duba tarihinsa. Rigo ya yi dariya ya ce nasa yatsun ai gwamnati ta haddace su.

Bayan mako ɗaya amsa ta zo a takarda. Muddin Rigoberto Barajas na zaune a gidan, ba za a kawo yarinya ba.

Ina wurin lokacin da Efraín ya karanta wa uwarsa takardar a kicin. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya iya ɗaga murya, ko kare ya cije shi sai ya ba karen haƙuri.

"Mama, na 'yan watanni ne kawai. Yaya Rigo ya nemi wani wuri har kotu ta gama."

"Ya je ina? Da ciwon bayan nan nasa?"

"Jiya na gan shi yana ɗaga injin mota."

"To shi ya tayar masa da ciwon ai." Ta juya tortilla, wainar masararmu, a kan kasko da yatsu. "Gidan nan ni da marigayi muka saye shi da tsinkar inabi. Ba wata mai ɗaure da takardu da za ta zo ta gaya min wanda zai kwana a ciki. Kai ka kwantar da hankalinka, na yi wa yarinyar alkawarin kyandir a coci."

Ta kuwa cika alkawari. Kyandir dai Itzel ta same shi, har ya ishi wani.

Shi kuma Efraín aka ɗora masa kaya. Kotu ta ce ya shiga ajin koyon tarbiyyar yara, ya shiga. Aka ce ya shiga na danne fushi, ya shiga, shi da ban taɓa ganin fushinsa ba. Malamin ajin ma da kansa ya tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi. Aka ce gwajin fitsari, duk da ko taba ba ya sha, saboda uwar yarinya ce mai shan ƙwaya kuma takarda ɗaya suke ciki. Kullum da safe sai ya buga waya ya ji launin da aka kira. Nasa launin shuɗi ne. In aka ce shuɗi, sai ya bar aiki a kamfanin da ake zuba inabi a kwali, ya tuƙa mota zuwa birni, ya yi fitsari a kofi wani ƙato na tsaye a kansa yana kallo. Sau talatin da wani abu ya yi, duk fes. Na ce masa duk danginmu ba wanda fitsarinsa ya taɓa samun shaida irin nasa, ya kamata a sa a firem.

Ranar Talata ce ranarsa ta ganin 'yarsa. Awa ɗaya a wani ɗaki na ofishin, da kayan wasan da suka sha hannu, da wata ma'aikaciya a kusurwa tana rubuta duk motsinsa. Ya kai wa yarinya alewa, aka rubuta zaƙi ya yi yawa. Ya daina kaiwa, aka rubuta ya zo hannu biyu. Wata Talatar aka rubuta bai iya gyara mata gashi ba, to wannan ta tsaya masa a rai. Ran Lahadi sai ga shi a ƙofata da mataji da ƙananan robobi masu launi.

"Inna Chayo, ki ara min kanki."

Haka na zauna a kujera, tsohuwa da ni, ƙaton namiji na koyon kitso a furfurata. Ya ja, na yi ƙara, ya ba ni haƙuri, ya sake ja. Lahadi huɗu muka yi kafin ya iya raba tsaga ta miƙe. Ranar da ya yi wa Itzel guda biyu masu kyau ya kira ni daga mota, wai ta taɓa kanta ta ce masa "Baba, kuma." Na yi kamar abinci na ƙonewa na kashe wayar, don ban so ya ji ina kuka.

A Lahadi ta biyar ne ya kawo maganar da nake gudu. Ni a gidan tirela nake, ɗan gidan nan da ake ja da mota, a unguwar tsofaffi inda doka ta hana yaro zama, saboda haka shi da 'yarsa ba su da wuri a wajena. Amma babba zai iya zama.

"Inna, da za ki riƙe Yaya Rigo har a gama..."

"Ni? In riƙe Rigo? Efraín, mijina ma da ƙyar na riƙe shi har Allah ya karɓi abinsa."

Ya ci gaba da taje min kai a hankali. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci ni hannuna a wanke yake.

Wata shida ya cika, alƙali ya ga takardun ajujuwa da na fitsari, ya ƙara masa shida, ya ce wannan ne na ƙarshe. A nan ne Socorro ta fito da dabararta. Mu mutanen gonakin nan mun saba da masu duba. In mai duba gidajen haya zai zo, a tura 'yan uwa maƙwabta su sha kofi. In mai duba gona zai zo, a ɓoye yara a bayan motar ruwa. Ya zo, ya duba, ya sa hannu, ya tafi, kowa ya koma inda yake. Haka muka rayu shekara da shekaru, kuma haka yayata ta ɗauki Malama Pruitt.

"Ranar da za ta zo kawai," ta ce min. "Rigo ya wuni a wajenki. Mu kwashe katifar mu jera kwalaye, ta ga gareji gareji ne."

"Mama, lauyana ya ce ko me za a yi kada a yi musu ƙarya," in ji Efraín.

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ni zan yi magana, kai ka yi shiru. Shirun ai ka iya."

Na yarda da wuni ɗaya. Aka kwashe katifa, aka fesa turare, Malama Pruitt ta zo ta ga kwalayen kayan Kirsimeti da tsohon keke. Socorro ta dafa ƙirji ta ce Rigo ya koma wajen innarsa da zama. Matar ta juya ta dubi Efraín ta ce haka ne? Ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa. Dabara ta ci. Aka yarda Itzel ta fara zuwa gida ranar Asabar da safe ta kwana, a mayar da ita Lahadi, da sharaɗin Rigo ba zai taka gidan ba muddin tana nan.

Wuni ɗaya ya zama mini kwana biyu, tunda Asabar ɗin farko ma wajena aka turo shi. Tun safe ya cinye min waken da na dafa na mako guda, ya miƙe ƙafa a kan teburina, ya ce talabijin ɗina ƙarami ne kamar na ɗakin kurkuku. Da rana ya fara ƙorafi wai ana dambe ƙarfe uku, kuma a babban allon gidan uwarsa kaɗai ake ganin jini sosai. Ya dame ni har kaina ya ɗau ciwo. Na kira Socorro in kai ƙara, sai cewa ta yi, "Kawo shi mana, ai yau Asabar, gwamnati ba ta aiki." Ni da motata na kai shi.

Efraín ba ya nan da muka isa, uwarsa ta aike shi kanti sayen kirim ɗin kurji, na kuma tabbata da gangan ta aike shi. Itzel na zaune a ƙasa da kitsonta biyu tana jera murafen tukwane. Rigo ya faɗa kujera ya buɗe giya ya ƙure murya. Ba a gama zagaye na biyu ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ashe gwamnati na aiki ranar Asabar.

Malama Pruitt ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi Rigo, ta dubi gwangwanin giya, ta dubi yarinyar da ke wasa dab da ƙafarsa, sannan ta nemi a ba ta jakar kayan yarinya. Socorro ta bi ta da bayani, wai abinci kawai ya zo ci, wai ai baffanta ne, jini ɗaya, ko a ƙasarku baffa ba ya ganin 'yar ƙaninsa? Efraín ya dawo da 'yar ledarsa daidai lokacin da ake ɗaure Itzel a kujerar bayan mota. Yarinyar ta hango shi ta fara miƙa hannu tana tsala ihu.

"Malama, don Allah, ban san ya zo ba."

"Na tambaye ka ranar nan, Malam Barajas," ta ce. "Idonka na kalla na tambaye ka."

Motar ta tafi. Ya daɗe a tsaye a bakin titi da ledar a hannu. Daga cikin falo kuwa Rigo ya ƙwalo kira wai wani ya rufe ƙofa, haske na damun allo.

A takardar da aka kai kotu ba a rubuta sunan Socorro a matsayin maƙaryaciya ba, ba a rubuta nawa ba. An rubuta cewa uba ya yaudari ofishi kuma ya kasa kare 'yarsa. Aka mayar da shi ɗakin Talata da matar kusurwa.

Ranar Efraín ya kwashe kayansa ya koma kwana a mota. Ya shiga neman ɗakin haya, sai kamfani suka sallame shi, suka ce sun gaji da shuɗi da Talata a tsakiyar kakar inabi. Masu gidajen haya kuma kowa ya je wajensa sai ya nemi shaidar aiki. Ya rame, wuya ya fito, amma ko Talata ɗaya bai fasa ba. A banɗakin gidan mai yake aske gemu kafin ya shiga. Ganin haka na je na sami yayata da kaina, na ce na tuba, a kawo min Rigo in riƙe shi ko shekara ce, a kira matar ta sake dubawa.

"Ya ce ba zai zauna a akwatin nan naki ba," in ji ta.

"To ki kore shi, Yaya! Gidanki ne."

Ta ajiye tsintsiya ta dube ni kamar na zagi Fafaroma.

"Ke da ba ki haifa ba ba za ki gane ba. Efraín ko a ina ka jefa shi zai tashi. Rigo in na sake shi, titi zai cinye shi. Yarinyar kuma tana gidan masu hali, an ce har ɗakinta daban da kare. Me ta rasa?"

"Ubanta ta rasa."

"Yaro ne, zai haifi wasu."

Na rantse da ba yayata ba ce da na kwaɗa mata tsintsiyar nan.

Ranar kotu Socorro ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, da mayafi, da carbi a hannu. Wa kuma ya tuƙo ta har ƙofar kotu ya zauna a bencin baya yana cin gyaɗa? Rigo. Lauyan Efraín da ya gan shi sai da ya rufe ido na ɗan lokaci. Masu riƙon ma sun zo, mata da miji masu sanyin hali, matar na ta murza hankici. Na so in tsane su, na nema na rasa dalili. Alƙali ya yaba wa Efraín, ya ce a shekarunsa a kujerar nan bai cika ganin uban da bai fasa ziyara ko ɗaya ba. Daga nan ya ce amma yarinya ba za ta girma a mota ba, kuma ba za ta jira manya su gama shawara ba, lokacin da doka ta bayar ya ƙare. Bayan wata huɗu aka sake zama, zaman bai kai minti ashirin ba, aka yanke cewa daga ranar Efraín ba uban Itzel ba ne a idon doka.

Suna da wani abu da suke kira ziyarar bankwana. Ni na kai shi, na jira a mota. Ya shiga da mataji da robobinsa, ya fito bayan awa ɗaya ba su a hannunsa. Ya ce ya ba matar da za ta zama uwarta, ya nuna mata yadda ake riƙe gashin daga tushe don kada ya yi wa yarinya zafi. Na tambaye shi me ya ce wa Itzel. Ya ce ya ce mata sai Talata, don ita kalmar ta sani.

Mako uku bayan nan Rigo ya haɗu da wata bazawara mai gidan sayar da abinci a wani gari can kudu. Cikin wuni ɗaya ya loda kayansa, har da injin motar da ciwon baya ya hana shi ɗagawa, ya tafi ko waiwaye babu. Abin da kotu da lauya da hawayen ƙaninsa suka kasa a shekara ɗaya da rabi, farfesun bazawara ya yi shi a yammaci guda.

Socorro ta sa aka nemo Efraín, ta dafa masa abincin da ya fi so, ni ma aka kira ni shaida. Ta zauna tana murmushi kamar mai shirin ba da kyauta.

"To, Allah ya amsa. Gida ya zama ba kowa. Kira matar nan ta zo ta duba, ka ga abin da nake ce maka, komai da lokacinsa."

Efraín ya ajiye cokali.

"Ta duba wa wa, Mama?"

"Wa 'yarka mana."

"Ba ni da 'ya. Kina wurin aka faɗa."

"Kai, maganar takarda ce wannan. Jini ai jini ne."

Ya dube ta, na zaci yau kam ajin danne fushi zai ga amfaninsa. Amma sai ya tashi, ya wanke farantinsa ya kife, ya sumbaci goshinta kamar yadda ya saba, ya fita. Aiki ya samu a wata jiha mai nisa, yana kirana jefi-jefi. Ita bai sake kiranta ba.

Yanzu in kun je cocinmu za ku ji yayata na ba da labarin yadda gwamnati ta sace mata jika. Mata su taru suna jajanta mata, suna tsine wa ofishi da alƙali. Ni ma ba na wanke ofishin, sun sa bawan Allah ya yi ta kai da kawo har ƙafarsa ta gaji. Amma ba su ne suka zaɓi ƙato mai shekara arba'in a kan jaririya ba, ba su ne kuma suka tuƙa shi zuwa kallon dambe ba. A gidajenmu ɗan da ya lalace shi ake tattali, mai hankalin kuma shi ake aika wa da wahala, don an san ba zai yi ihu ba. Mu kira wannan tausayi, mu je coci mu kunna kyandir.

Watan jiya na ce mata tunda ita kaɗai ce a gida, ta ba wani ma'aikacin gona hayar garejin, ko ta sami mai ɗebe mata kewa. Ta zaro ido.

"Ki rufa min asiri, Chayo. In bazawarar can ta kori Rigo fa? Yaron nan ya dawo ya tarar ba shi da wurin kwana a gidan uwarsa?"